Daga Ajinka Zuwa Zauren Taro: Yadda Ake Neman Gurbin Gabatarwa kan Koyarwa da Fasahar Zamani

Wata malama da muke tsangaya ɗaya a nan Gombe ta shigo ofishina bayan sallar azahar riƙe da takarda. Sau biyu ke nan tana neman gurbin gabatarwa a taron malamai kan koyarwa da fasahar zamani, sau biyu ana ba ta haƙuri. Na karɓi takardar na duba take: "Rawar da fasahar sadarwa ke takawa wajen bunƙasa ilimi a Najeriya: matsaloli da mafita."

Na ce, "Malama, ajiye wannan tukuna. Lokacin da aka lalata turakun wutar layin Jos zuwa Gombe a watan Afrilun 2024, muka yi makonni a duhu, yaya kika yi da 'yan aji biyunki?"

Ta ce, "Ai Dakta, wannan ba bincike ba ne, dabarar rashi ce kawai. Saƙon murya nake yi musu a WhatsApp, minti biyar-biyar, don kowa wayarsa tana shagon mai caji. In sun karɓo da yamma su saurara, su amsa mini tambaya ɗaya kafin batir ya mutu."

"Saƙonnin suna nan? Amsoshin fa?"

"Duk suna nan, ban goge ko ɗaya ba."

"To ai ga abin da za ki kai taro nan a hannunki, kina neman sa a littattafan wasu."

Na sha zama a kwamitin tantance irin waɗannan takardu, kuma abin da ke ci mini rai shi ne malamanmu na Gombe da Bauchi suna da kayan da masu taro ke nema ido rufe, amma sai su rufe su a aljihu, su aiko da maimaicin abin da kowa ya sani. Wanda ya koyar da ɗalibai ɗaruruwa a zaure ɗaya, babu wuta, data ta yi tsada, wasu ɗaliban ma waya ɗaya suke karɓa-karɓa, ya san abin da malamin da bai taɓa rasa intanet ba bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ya rage shi ne sanin yadda ake tsara wannan ilimi a takarda har kwamiti ya ba ka zaure da lokaci.

Fara da taron, ba da take ba

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san wurin da za ka. Tarukan nan hawa-hawa ne. Akwai na gida, waɗanda tsangayoyi da makarantu ke shiryawa: a yankinmu kaɗai ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ga Jami'ar Jihar Gombe, ga Jami'ar Tarayya ta Kashere, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe wadda ke nan tun 1977, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga kwalejojin kimiyya da fasaha. Ka riƙa duba allon sanarwa da zaurukan WhatsApp na malamai, nan ake fara jin kiran, wato sanarwar da masu taro ke fitarwa ta neman takardun gabatarwa. Akwai na ƙasa, waɗanda ƙungiyoyin masana ke yi shekara-shekara, kamar na ƙungiyar masana kwamfuta ta Najeriya. Sai na ƙasa da ƙasa: eLearning Africa, wanda aka fara a Addis Ababa a 2006 yake kuma zagaya ƙasashen nahiyar, taron WACREN, ƙungiyar da ke haɗa hanyoyin sadarwar jami'o'in Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, taron ƙasashen rainon Ingila kan karatu daga nesa, wanda aka yi karo na bakwai a Abuja a watan Disamban 2013, da EDUCAUSE na Amurka da akan yi wajejen Oktoba.

In wannan ne karonka na farko, shawarata ka fara da na gida ko na ƙasa. Kuɗin mota daga Gombe zuwa Bauchi ba kuɗin jirgi da biza ba ne, kuma tambayoyin da za a yi maka a can su za su gyara maka aikin kafin ka kai shi nesa.

Ka yi hattara da tarukan cin kuɗi. Alamominsu ba sa ɓuya: imel ya zo maka cike da yabo daga wanda bai san ka ba, taro ɗaya ya haɗa likitanci da noma da injiniya da adabi, an karɓi tsakurenka, wato taƙaitaccen bayanin abin da za ka gabatar, cikin kwana ɗaya ko biyu, sannan maganar kuɗin rajista ta fi kowace magana ƙarfi. Ka nemi jadawalin taron bara ka gani, ka duba sunayen 'yan kwamiti ko mutane ne da ake iya samu a makarantun da aka ce suna aiki. Irin wannan taro kuɗinka zai ci, kuma ranar neman ƙarin girma kwamiti na iya ture takardar shaidarsa gefe.

In ka sami taron ƙwarai, ka karanta kiran nasu sau uku. A karatu na farko ka fitar da babban jigo da ƙananan jigogi. A na biyu ka rubuta ƙa'idoji a takarda daban: adadin kalmomi, nau'o'in zama, ranar rufewa, ko ana so a cire suna. A na uku ka nemi ma'aunin tantancewa, domin taruka da yawa suna bayyana shi a fili. Da shi za a ba ka maki, don haka da shi za ka auna kowane layi da ka rubuta.

Tono abin da ka yi da hannunka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa.

Ɗauki biro ka koma baya har zuwa 2020. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, ga kuma yajin aikin malaman jami'a da ya kai har Disamba. A 2022 an sake yin wani na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka dawo, zangon karatu ya matse, kowa ya nemi hanyar kammala manhaja. Me ka yi? A ƙarshen Nuwamban 2022 ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke yi wa mutum rubutu, ya fito, bayan 'yan watanni aikin gida na ɗalibai ya fara zuwa da Turancin da ba ka saba gani a bakinsu ba. Yaya ka canza yadda kake ba da aiki da yadda kake duba shi? A Disamban 2022 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta fito da sabuwar manhajar CCMAS, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Sashenku ya sa wani kwas da ya shafi fasaha a ciki? Ɗalibanka duk sun rubuta JAMB a kwamfuta, tun da daga 2015 hukumar ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya, amma ka lura nawa ne a cikinsu ke iya buga shafi guda na rubutu su adana shi su turo? Me ka yi a kan wannan giɓin?

Kowace amsa a nan iri ce da za a iya shukawa. Malamin lissafi da ke ɗaukar hoton allo bayan kowane darasi ya tura. Malamar kimiyyar sinadarai da ta yi amfani da bidiyon gwaji saboda ɗakin gwaje-gwaje ba ya ɗaukar ajin. Wanda ya koma yin gwajin mako-mako da Google Forms don na'ura ta duba masa, ya sami lokacin zama da masu rauni. Wanda ya gano cewa manhajar waya ta Moodle, dandalin da makarantu ke ɗora darussa a intanet, tana barin ɗalibi ya sauke darasi inda akwai sabis, ya karanta inda babu. Malamin Hausa da ya yi fama da ɗalibai har suka saba rubuta ɓ da ɗ da ƙ a waya, ko wanda ya ɗauki hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami don aji ya karanta tare ba tare da an taɓa takardar asali ba. Malamin koyar da aikin malanta da ya sa ɗalibansa masu gwajin koyarwa a ƙauyukan Dukku ko Alkaleri su naɗi darasinsu da waya, saboda ba zai iya zagaya su duka a mako ɗaya ba.

Daga cikinsu ka zaɓi guda ɗaya tak. Ga gwajin da nake ba abokan aiki: ka je ɗakin malamai ka bayyana wa wani daga wani sashe, da Hausa, cikin minti biyu, matsalar da ka samu da abin da ka yi da abin da ya biyo baya. In ya ce maka, "Tsaya, yaya ka yi wannan? Ni ma ina da irin matsalar," to ka samu. In ya gyaɗa kai kawai ya ce madalla, koma ka sake tono. Yawancin taruka da Turanci za ka rubuta, amma tunanin da bai fito sarai da harshenka ba, Turanci lulluɓe shi kawai zai yi, kuma mai tantancewa ya iya yaye lulluɓi.

Kada ka ji kunyar abin da bai yi nasara ba. Zaman da malami ya ce na gwada darasi kai tsaye ta Zoom, yawancin ajin ba su iya shiga ba, na kyauta kuma yana yankewa bayan minti 40, ga abin da na koma yi, ya fi amfani ga masu sauraro fiye da zaman da komai ya tafi sumul. Mu da muke tantancewa mun san aji, mun san ba a yin sumul.

Shaida

Gani ya kori ji. Kwamiti zai tambaya: me ya nuna abin ya yi aiki? Ba dole sai ka yi babban bincike da lissafi mai sarƙaƙiya ba, amma dole a ga wani abu da aka ƙirga ko aka adana. Ɗalibai nawa ne a ajin, nawa suka shiga tsarin, nawa suka tsaya har ƙarshe. Makin gwajin bana da na bara a kan darasi ɗaya. Amsoshin 'yar takardar tambayoyi da ka raba. Maganganun ɗalibai da bakinsu. Kuɗin data da ɗalibi ya kashe a mako, wanda a wurinmu lamba ce mai nauyi ƙwarai, kuma ba kasafai ake kawo ta ba.

Ka faɗi iyakar abin da shaidarka ta nuna. In maki ya ƙaru, ka yarda cewa wataƙila akwai wasu dalilai ban da fasahar. Ka kuma ƙirga waɗanda tsarin ya bari a baya: mai ƙaramar waya marar intanet, ɗaliba matar aure da ba ta samun waya sai dare, makaho ko kurma. Saƙon murya alheri ne ga makaho, amma kurma fa? Malamin da ya yi wannan tunanin tun a takardarsa yakan sami maki na musamman a wurina.

Sannan amanar ɗalibai. Kada ka sa sunansu ko lambar rajistarsu ko lambar wayarsu a takarda ko a majigi. In za ka nuna hoton hirar WhatsApp, ka goge sunaye da lambobi da hotunan fuska. Ka nemi izininsu, zai fi kyau a rubuce, ka kuma tuntuɓi kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku in akwai. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma ko babu doka, yarinyar da ta turo maka muryarta don ta koyi darasi ba ta ba ka ita don a kunna wa baƙi a zaure ba.

Wane irin zama kake nema?

Mutanenmu sun saba da maƙala: ka tashi ka karanta minti 15 ko 20, a yi tambaya biyu, ka zauna. Tana da amfaninta, musamman in kana da sakamakon bincike kuma kana so ya fito a kundin taro. Amma tarukan koyarwa da fasaha suna ba da wasu ƙofofi da ba mu cika ƙwanƙwasawa ba. Akwai fosta, inda za ka tsaya kusa da babbar takardarka mutane su zo ku yi magana ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda aikinsa bai kammala ba, ko mai jin nauyin magana a gaban jama'a, babu kamarta. Akwai gajeriyar gabatarwa ta minti biyar zuwa goma don dabara guda. Akwai zaman tattaunawa na mutum uku ko huɗu da mai jagoranta, wanda ba ya armashi sai in mutanen sun bambanta da gaske, misali malamin jami'a da na kwalejin ilimi da ma'aikacin sashen kwamfuta da ɗalibi. Akwai kuma bita, inda mahalarta za su yi aiki da hannunsu.

Abin da malamar nan ta yi, bita ya fi dacewa da shi, don abu ne da ake koya ta hanyar yi. Ga yadda muka raba mata awa ɗaya, kuma haka ta rubuta a takardar neman gurbin. Minti biyar na farko ta tambayi zauren wa ya taɓa rasa wuta ko sabis a tsakiyar zango, kowa ya faɗa wa na kusa da shi abin da ya yi. Minti goma ta ba da labarin ajinta da alƙalumanta, ta kunna saƙo guda na muryarta. Minti ashirin kowa ya zaɓi darasi ɗaya daga kwas ɗinsa, ya tsara shi a takarda, ya naɗi saƙon da bai wuce minti uku ba da wayarsa. Minti goma sha biyar su yi musaya bibbiyu, kowa ya saurari na ɗan'uwansa ya gaya masa inda ya ɓace. Minti goma na ƙarshe tambayoyi, kowa kuma ya rubuta makon da zai gwada a ajinsa.

Mai tantancewa da ya ga wannan rabon ya san abu biyu: ta yi tunanin mutanen da za su zauna a gabanta, kuma lokacin zai isa. Rubuta "za a yi tattaunawa mai armashi" ba ya gaya masa komai. Ka kuma faɗi abin da kake buƙata: majigi, lasifika, tebura da za a iya haɗawa, adadin mutanen da zaman zai ɗauka. In bitarka ba ta buƙatar intanet, ka faɗa da babbar murya, masu shirya taro a ƙasar nan za su so ka.

Take da tsakure

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai tantancewa yana iya samun takardu da yawa a dare ɗaya, bayan ya gama nasa aikin. Take ne zai sa ya gyara zama ko ya yi hamma. Ka guji "matsaloli da mafita", "ƙalubale da makoma", "rawar da kaza ke takawa". Take nagari yana faɗin kayan aikin, da mutanen, da yanayin. Kwatanta na farkon malamar da wanda ta koma: "Darasi cikin minti biyar: koyar da babban aji da saƙon murya lokacin da Gombe ta yi makonni babu wuta." Wanda ya ga wannan a jadawali ya san abin da zai tarar in ya shiga.

Tsakure yawanci kalmomi 150 zuwa 300 ne, amma abin da kiran ya ce shi ne doka. In an ce 250, to 251 ya yi yawa, wasu shafukan ma yanke maka jimla za su yi. Kada ka ɓata layi uku na farko kana gaya wa masana fasaha cewa fasaha ta mamaye duniya. Shiga da matsalarka. Ga ƙashin bayan da nake bi, sai ka sa lambobinka na gaskiya inda na sa "kaza":

"A zangon kaza, ɗalibai kaza na aji biyu a kwas kaza sun rasa wuta ta tsawon mako kaza, yawancinsu ba sa samun waya da caji sai da yamma. Na raba kowane darasi zuwa saƙonnin murya na minti biyar, kowanne da tambaya ɗaya da za a amsa kafin washegari. Ɗalibai kaza suka ci gaba da amsawa har ƙarshe. Makinsu a gwajin wannan ɓangare ya kasance kaza in aka kwatanta da kaza. Tsarin bai yi wa marasa babbar waya da masu matsalar ji daidai ba, zan kuma nuna gyaran da na yi. A wannan bita, kowane mahalarci zai tsara ya kuma naɗi saƙon darasi guda daga nasa kwas, ya karɓi gyara daga abokin aiki. Ba a buƙatar intanet."

Duba tsarin: matsala, abin da aka yi, shaida, inda aka gaza, abin da za a yi a zaure. Ka tabbata kalmomin jigon da ka zaɓa sun bayyana a ciki, don mai tantancewa ya ga inda zai ajiye ka a jadawali.

Game da ra'i: wasu taruka suna so ka jingina aikinka da wani tsarin masana. Ɗaya ya isa, in dai ka yi aiki da shi da gaske. TPACK, wanda Punya Mishra da Matthew Koehler suka bayyana a 2006, yana cewa malami na buƙatar sanin darasinsa, da sanin dabarar koyarwa, da sanin na'ura, da kuma yadda ukun ke cuɗanya. In ka ambace shi, ka nuna wace dabarar koyarwa ce ta sa ka zaɓi murya a kan bidiyo. Jero sunayen ra'o'i huɗu a layi ɗaya ado ne kawai.

Fom ɗin taruka da yawa yana da gurbin abin da mahalarta za su tafi da shi. Rubuta biyu ko uku, da aikatau da ake iya gani: za su tsara, za su naɗa, za su kwatanta, za su ƙiyasta kuɗin data. "Za su fahimci muhimmancin" ba a auna shi. Duk wanda ya yi kwas ɗin aikin malanta ya san wannan daga rabe-raben manufofin koyo na masanin ilimi Bloom, sai dai mukan manta da shi in manya ne a gabanmu.

Da wa za ka tafi?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ma'aikacin sashen kwamfuta ko na ɗakin karatu ya taya ka aikin, sa sunansa, ka ba shi minti nasa. In taron ya yarda, ka tafi da wakilin aji. Babu abin da ke sa zaure ya yi tsit kamar ɗalibi yana faɗin yadda abin ya kasance daga ɓangarensa. Amma kada ka sa sunan wanda bai yi komai ba don girmamawa. Na san abin yana da nauyi a al'adarmu, musamman in shugabanka ne. Hanya mai mutunci ita ce ka kai masa daftarin tun da wuri ka nemi gyaransa. In ya sa hannu da gaske ya cancanci suna, in bai samu lokaci ba sai ka gode masa a ƙarshen gabatarwa. Ku kuma daidaita tun farko wa zai fara a jerin suna, wa zai yi magana, wa zai biya rajista.

Turawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa wa kanka wa'adi kwana uku kafin na taron, don ka san halin sabis da wuta. Ka rubuta komai a fayil ɗinka tukuna, sannan ka kwafa zuwa fom, ko EasyChair ne ko Google Forms ko shafin taron, saboda in shafin ya yanke ba za ka yi asarar rubutu ba. Ka buɗe asusun tun mako guda kafin nan, ka kuma yi rajistar ORCID, lambar shaidar masu bincike, kyauta ce, ana yawan tambayarta.

Ka kula da agogo. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara. In ka ga an rubuta AoE a gaban ranar rufewa, ma'ana sai ranar ta ƙare a ko'ina a duniya, wa'adin bai cika ba a nan sai washegari wajen ƙarfe ɗaya na rana. In kuwa taron a gabas da mu yake, kamar Kigali ko Nairobi, sha biyun darensu yana riga namu da awa ɗaya ko biyu, a nan ne mutane ke makara.

In an ce tantancewa ta ɓoye suna ce, ka cire sunanka da na makarantarku daga cikin rubutun da kuma sunan fayil. Ka ce "wata jami'ar gwamnati a arewa maso gabashin Najeriya". In ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gyara Turanci, ka duba ƙa'idar taron, wasu suna so a bayyana. Kada ka bari ta rubuta maka tsakuren daga tushe: takan ƙago madogarar da babu ita, kuma takan goge ainihin ƙamshin ajinka, wanda shi ne jarinka. Kafin ka danna turawa, ka ba mutum biyu su karanta, ɗaya daga fanninka, ɗaya daga wani fanni. Bayan ka tura, ka adana imel ɗin tabbaci ko ka ɗauki hoton shafin.

Kuɗin tafiya

Kada ka jira amsa kafin ka fara wannan. TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, yana da kason halartar taruka ga ma'aikatan manyan makarantun gwamnati, kuma ta hannun makarantarku ake nema, ba kai tsaye ba. Takardu suna bi ta shugaban sashe da na tsangaya da kwamiti kafin su bar makaranta, wannan kuwa yana cin lokaci. Ranar da ka tura tsakure, ka je wurin jami'in da ke kula da harkar TETFund a makarantarku ka karɓi sharuɗɗan bana, domin sukan canza, ka kuma sanar da shugaban sashenku a rubuce. Ka duba ko taron yana da rangwamen rajistar wuri, ko tallafi ga masu zuwa daga ƙasashe masu tasowa, ko damar gabatarwa ta intanet. In na waje ne, ka duba ranar ƙarewar fasfonka yau ɗin nan.

In amsa ta zo

In an ba ka haƙuri, ka bar imel ɗin ya kwana, sannan ka karanta sharhin masu tantancewa da biro a hannu. Wani lokaci guraben ne suka yi kaɗan, wani lokaci ka shiga jigon da ba naka ba, wani lokaci kuma sun ga ramin da ba ka gani ba. In sun ce ka mayar da shi fosta, karɓa. In ba su ce komai ba, babu laifi ka rubuta cikin ladabi ka nemi bayani. Ka gyara ka kai wani taron cikin watan, kafin zuciya ta yi sanyi.

In an karɓa, ka tabbatar da zuwanka kafin ranar da suka sa, don wasu suna cire wanda bai yi rajista ba daga jadawali. In wani uzuri ya taso, ka sanar da wuri; gurbin da ka bari fanko wani aka hana. Sannan ka yi abin da ka yi alkawari a tsakure, ba wani abu daban ba, saboda shi mutane suka karanta suka zaɓi zaurenka.

Ka gwada zaman gaba ɗaya a sashenku da agogo a gabanka, ka roƙi abokan aiki su yi maka tambayoyi masu zafi. Malamar nan ta gwada nata a ɗakin malamai ranar wata Laraba, muka gano minti ashirin bai isa mutum ya tsara ya kuma naɗa ba in zaure ya cika da hayaniya, sai ta ƙara da cewa masu naɗi su fita baranda, ta kuma shirya takarda mai layi huɗu da kowa zai cike kafin ya danna naɗi. A jakarta ranar tafiya akwai shafukan majiginta a filashi da kuma a waya, da kwafi 40 na takardar a buge, da ƙaramar lasifika mai caji, da abin cajin tafi-da-gidanka guda biyu, da wayarta ta kanta ta haɗa kwamfuta da majigi.